Wa Ke Cikin Hoton Nan?

Wata al'ada ta samu gindin zama a shafukanmu na Facebook da zaurukanmu na WhatsApp, kuma lokaci ya yi da za a yi maganarta ba tare da kara ba. Wani zai ɗora tsohon hoto baƙi da fari, na dattawa da rawuna a ƙofar masallaci, ko na fatake zaune kusa da kayansu, ya rubuta a ƙasa cewa Allah Ya jiƙan mazan jiya. Kafin la'asar mutum ɗari sun ce amin, hamsin sun tura wa wasu, goma sun yi ƙorafin cewa zamani ya lalace. A cikinsu duka da wuya ka samu mutum guda da ya tambaya: su wane ne waɗannan, a wane gari aka ɗauke su, a wace shekara, wa ya ɗauka, kuma daga hannun wa hoton ya fito? Washegari sai ka tarar da hoton nan a wani shafi an ce Kano ce, a wani an ce Ngaoundéré ce, a na uku an ce Oyem ce. Kowane mai shafi ya danna tambarinsa a tsakiyar fuskar wani bawan Allah, kamar shi ya haife shi.

Masu wannan aiki suna kiran kansu masu raya tarihi. Ni kuwa ina cewa ɓarnar da suke yi wa tarihi ta fi ta gara, domin gara idan ta ci takarda ba ta barin ƙarya a gurbinta.

Misali mafi muni kowa ya san shi. Shekara da shekaru ana yawo da hoton wani dattijo ana cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Ba a bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ba sai a 1839, a birnin Paris, shekara 22 bayan rasuwarsa. Babu hoton Shehu, kuma ba zai yiwu a samu ba. Amma an buga wannan fuska a kalanda, an manna ta a shaguna, an nuna wa yara. Haka ake yi wa Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda ta riga na'urar hoto da ɗaruruwan shekaru. Yanzu kuma ga sabuwar fitina: manhajojin kwamfuta masu ƙirƙiro fuskar da ba a taɓa haifa ba, su sa mata rawani da alkyabba, su yayyafa mata ɗan duhu don ta yi kama da tsohon abu. Idan ka yi magana sai a ce ai niyya ce mai kyau, ana so a girmama magabata. To wane irin girmamawa ne a ɗauki fuskar baƙo a ba Shehu? Da wani zai rataya hoton mutumin da ba ka sani ba a zaurenku ya ce mahaifinka ne, ai da ba ka tsaya sauraron niyyarsa ba.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne wannan sakaci ya fito daga al'ummar da ta gaji ilimin isnadi. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna tafiya daga gari zuwa gari don su tantance wa ya ji daga wa, kuma ba su karɓi magana don daɗinta ba sai sun san sarƙar da ta biyo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ke ƙarshen Suratul Baƙara, magana take yi a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Malamanmu na zaure idan sun kwafe littafi sukan rubuta sunansu a ƙarshe, wani lokaci har da sunan mai littafin da ranar da aka gama. Mutanen da suka tashi a kan wannan tarbiyya ba su da uzurin tura hoto ba tare da asali ba. Hoto ma ruwaya ce. Wanda ba a san mai ɗaukarsa ba, ba a san wurinsa ba, ba a san lokacinsa ba, hukuncinsa hukuncin labarin da isnadinsa ya yanke.

Wani zai ce wannan ai matsalar Hausawan ko'ina ce, me ya sa za a ɗora mana ita mu na Libreville? Dalili shi ne mu ne muka fi kowa asara. Bakano ba ya bukatar hoto don ya tabbatar da cewa kakansa ya zauna a Kano. Ganuwa da Kurmi da Dala sun ishe shi shaida. Mu tsiraru ne a ƙasar da har gobe ake samun mai jin sunan Garba ko Hadiza ya tambaya daga wace ƙasa aka zo. Alhali Hausawa sun shigo arewacin wannan ƙasa ta hanyar Kamaru tun wajejen ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suka kafa unguwanni a Bitam da Oyem da Minvoul, suka gina masallatai, suka haihu, suka binne matattunsu, tun ba a yi tunanin ranar 17 ga Agusta 1960 ba. A kan idonsu yankin Woleu-Ntem ya canja hannu: yarjejeniyar Nuwamba 1911 ta miƙa shi ga Jamus, aka gwabza a Mimbeng kusa da Oyem a watan Satumba 1914, sannan Faransa ta sake karɓe shi. Daga baya wasu zuriyarsu suka gangaro Libreville, suka haɗu da 'yan uwansu da suka zo daga Nijar da Nijeriya da Kamaru da Cadi, aka cakuɗa a kasuwar Mont-Bouët da masallatan unguwanni. Wannan tarihi ne na shekara fiye da ɗari. Ina takardunsa? Ina hotunansa masu suna da kwanan wata? Idan ɗalibi Bahaushe a Jami'ar Omar Bongo ya so rubuta kundi a kan kakanninsa, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa?

Kada kuma a ɗauka zancen sha'awa ne kawai irin na masu karatun boko. Wannan yanki namu ya sha ganin ranar da takarda ta zama ita ce tsakanin mutum da jirgin kora. A Gana, dokar Nuwamba 1969 ta gwamnatin Busia ta watse zanguna, har da mutanen da a can aka haife su. A nan Gabon an kwashe dubban mutanen Benin a watan Yuli 1978, an yi wa dubban 'yan Kamaru haka a watan Mayu 1981 bayan rikicin wasan ƙwallo, kuma a farkon 1995 dubun dubatar baƙi marasa takarda sun bar ƙasar. Nijeriya ma ta yi nata a 1983, don kada wani ya ce laifin ƙasa ɗaya ne. Ko a muhawarar sabon tsarin mulkin da aka yi wa ƙuri'ar raba gardama a Nuwamba 2024, zancen asalin iyaye ya sake tasowa. Ba ina cewa tsohon hoto zai maye gurbin takardar haihuwa a gaban hukuma ba ne. Abin da nake cewa shi ne al'ummar da za ta iya shimfiɗa rasiɗin harajin kakanta, da lasisin kasuwancinsa, da hotonsa a ƙofar masallacin Bitam da shekarar a rubuce, tana magana da wata murya daban da ta wadda ba ta da abin cewa sai "ai mun daɗe a nan". In an bi diddigi, gardamar wane ne ɗan ƙasa gardamar tarihi ce, kuma wanda ya zo mata hannu rabbana ya riga ya ba da rabin fili.

Ga kuma wani abin takaici. Hotunan kakanninmu na wancan zamani da suka tsira, yawancinsu Turawa ne suka ɗauka ko suka adana. Suna cikin taskar 'yan mishan ta Basel a Suwizalan, da tarin hotunan mulkin mallakar Jamus da ke Jami'ar Frankfurt, da katunan gaisuwa irin waɗanda Jean Audema ya buga a Kwangon Faransa ko Fortier a Dakar. Takardun mulkin kuwa sun rarrabu tsakanin Aix-en-Provence da Brazzaville da Berlin da Yaoundé. Ka duba abin da aka saba rubutawa a ƙarƙashin irin waɗannan hotuna: ɗan kasuwa Bahaushe, matan Hausawa, ayarin Hausawa. Kwamandan Bature yana da suna da muƙami da shekara. Mutuminmu kuwa samfuri ne, kamar yadda ake rubuta sunan wani nau'in itace ko tsuntsu. Wannan shi ne wulaƙancin da muke zagin 'yan mulkin mallaka a kansa. To da muka samu wayoyi a hannunmu me muka yi? Muka ɗauko hotunan nan, muka yanke ɗan bayanin da ke ƙasa, muka jefar da sunan taskar da lambar hoton, muka rubuta "mazan jiya". Bature ya hana kakanmu suna, mu kuma muka ƙara hana shi gari da shekara. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wani.

Akwai wata ƙaramar ƙasa a yammacin Turai da ya kamata mu yi nazarinta, wato Ayalan, domin ita ma Ingila ta mulke ta, kuma ita ma 'ya'yanta sun watsu a duniya neman abinci kamar yadda muka watsu. A watan Afrilu 1916 aka yi tawaye a Dablin, aka murƙushe shi cikin mako guda, aka kashe shugabanninsa. Cikin waɗanda aka kashe har da Roger Casement, mutumin da rahotonsa na 1904 ya tona asirin ta'asar roba a Kwangon Sarki Leopold, nan kusa da mu. Bayan yarjejeniyar Disamba 1921 sai yaƙin basasa ya ɓarke, kuma a ranar 30 ga Yuni 1922 wuta ta cinye babbar ma'adanar takardun ƙasar da ke harabar manyan kotunan Dablin. Takardun kusan shekara 700 suka zama toka, har da mafi yawan rajistar ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851. Da irin halinmu gare su, da sun ce ƙaddara ce, sun shafa fatiha, sun tashi.

Abin da suka yi daban ne. A 1935 suka kafa hukumar tattara al'adun gargajiya. Daga 1937 suka sa yaran makarantun firamare, fiye da 50,000 daga makarantu kusan 5,000, su je wurin kakanninsu da tsofaffin unguwa su rubuto abin da suka ji, tare da sunan mai ba da labarin da garinsa, sau da yawa har da shekarunsa. Littattafan yaran nan suna nan har yau, kowa na iya karanta su a intanet. Daga 1947 zuwa 1957 wani ofishi na musamman ya bi waɗanda suka halarci gwagwarmayar neman 'yanci ya ɗauki shaidar mutum 1,773, ya tara hotuna da guntayen jaridu, aka kulle su sai a 2003 aka buɗe, bayan masu shaidar sun ƙaura, don kowa ya faɗi gaskiyarsa ba tsoro. Babban ɗakin karatun ƙasar yana riƙe da gilasan hoto kusan 40,000 na kamfanin Lawrence kaɗai, kuma ya daɗe yana ɗora tsofaffin hotuna a shafin Flickr yana roƙon jama'a su taimaka a gano titi da shago da mutum da shekara. Talakawa ne ke wannan aiki a lokacin hutunsu: wani ya karanto sunan da ke allon shago, wani ya nemo shi a ƙidayar 1901 ko ta 1911, wani ya kawo guntun jaridar da ta ambaci wurin. A 2022, shekara ɗari cif bayan gobarar, suka buɗe wata ma'adana a intanet da suka sake ginawa daga kwafe-kwafen da aka tsinto a wasu ƙasashe. Su ma shafukan zumunta suke amfani da su, irin waɗanda ke aljihunmu. Bambancin kawai shi ne su idan sun ga tsohon hoto tambaya suke yi, mu kuwa amin muke cewa mu wuce.

Daga tarihin nasu akwai wani hoto da ya kamata iyayenmu mata su ji labarinsa. Ranar 29 ga Afrilu 1916, lokacin da jagoran tawayen, Patrick Pearse, ya miƙa wuya ga janar ɗin Ingila, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Elizabeth O'Farrell tana tsaye a gefensa. Ita ce ta ratsa cikin harsasai da farar tuta ta kai saƙon. A hoton jikin Pearse ya kare ta, ƙafafunta da gefen rigarta kaɗai ake gani, kuma a wasu bugu na hoton har ƙafafun an goge. Abin da ya cece ta daga ɓacewa shi ne an rubuta shaidarta, an kuma adana ainihin hoton. Mu tambayi kanmu: mata nawa ne aka goge daga tarihin zangunanmu ba tare da ko ƙafa ta rage ba? Masu tuwo da suka ciyar da fatake, ungozomomin da suka karɓi haihuwar rabin unguwa, uwayen adashi da jarinsu ya kafa shaguna, da matan Fang da na sauran ƙabilu da suka auri kakanninmu suka zama iyayenmu. Abin da aka sani na rayuwar matan ƙasar Zazzau a ƙarshen ƙarni na 19, kaso mai yawa daga bakin mace guda ya fito, Baba ta Karo, saboda Mary Smith ta zauna da ita a 1949 da 1950 ta rubuta. A kowace unguwa a Libreville akwai tsohuwa irinta, kuma jikokinta suna zaune kusa da ita suna latsa waya.

Wani abin lura kuma, ɗaya daga cikin manyan taskokin tatsuniyoyi da labaran Hausa, wanda Frank Edgar ya tattara daga rubutun ajami na malamai, a Belfast aka buga shi, a tsibirin na Ayalan, tsakanin 1911 da 1913. Sunan Edgar ne a bango. Malamai ne suka yi rubutun, amma wanda ya adana shi ya ci sunan. Haka abin yake a kullum. Da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairu 1939, Abubakar Imam yana edita, Hausawa na nesa sun riƙa samunta ta hannun matafiya, ana karantawa a zaure. Jaridar ta daina fitowa, kuma mai son ganin tsofaffin kwafenta yau sai ya nufi wurare irin Arewa House a Kaduna. Duk gidan da ke da ko shafi ɗaya nata a ƙasan adaka, ko guntun L'Union da ya ba da labarin hawan salla ko tafiyar alhazai ko naɗin sarkin Hausawa, to yana riƙe da dukiyar jama'a, ko ya sani ko bai sani ba.

Na san uzurorin da ake kawowa, kuma ya kamata a amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne na addini: wai hoto haramun ne, don haka idan dattijo ya rasu gara a ƙona hotunansa. Malamai sun yi saɓani a kan hoton na'ura, kuma ba ni da matsayin raba musu gardama. Sai dai wanda ya ƙona hoton mahaifinsa da wannan hujja, da hoto ya yi fasfo ya je Makka, da hoto ya karɓi katin zama, kuma wayarsa cike take da hotunan walima. Idan lalura ta halatta waɗancan, to tabbatar da nasaba da tarihin zaman al'umma a ƙasa ba ƙaramar lalura ba ce. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da rataya hoto a bango ba, babu mai tilasta masa. Ya sa a ambulan ya rufe, ko ya miƙa wa ɗan uwan da zai adana. Kuma wace fatawa ce ta ce a haɗa da wasiƙun ajami da rasiɗai da littafin bashi a cinna musu wuta?

Na biyu shi ne tsoro: wai tsohuwar takarda za ta nuna cewa kakan wane daga Kano ko Garwa ya zo, sai a ce mu baƙi ne. Wannan tsoro yana da tushe, ba na raina shi. Amma ɓoye asali bai taɓa hana kowa kiranmu baƙi ba. Sunayenmu da rigunanmu sun riga sun faɗa. Abin da takarda ke ƙarawa shi ne shekarar zuwa, kuma shekarar tana gefenmu. Libreville kanta a 1849 aka kafa ta don bayin da aka 'yanto daga jirgin ruwa, kuma ƙabilu da dama na ƙasar nan suna ba da labarin ƙaurar kakanninsu da alfahari. Zuwa daga wani wuri ba abin kunya ba ne a ƙasar da kowa ke da labarin tafiya. Iyalin da ke da takardar da suke ganin za ta iya jawo musu matsala, suna da damar su adana ta a rufe, kamar yadda mutanen Ayalan suka rufe shaidunsu kusan rabin ƙarni. Rufewa daban, ƙonawa daban.

Na uku shi ne wai mu mutanen baka ne, tarihinmu yana kan harshen tsofaffi. Da can haka ne, lokacin da yaro ke kwana a ɗakin kakarsa. Yau da yawa daga yaranmu na Libreville Faransanci ya fi musu sauƙi a baki, wasu ma Hausar gaisuwa kaɗai ta rage musu. Sarƙar baka tana tsinkewa a gabanmu, kuma kowace jana'iza da muka raka maƙabarta da wani yanki nata take tafiya. Ban da haka ma, zancen cewa mu ba mutanen rubutu ba ne ƙage ne. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, a zango ya zauna kamar mu, kuma ya rubuta tarihin ƙasashen Hausa da sana'o'insu da zuwan Turawa. Ɗan zango ne ya yi wannan, da tawada da alƙalamin kara.

Na huɗu shi ne wai aikin gwamnati ne. Akwai ma'adanar takardun ƙasa a Libreville, kuma haƙƙinmu ne mu shiga mu bincika, mu kuma kai mata kwafen abin da muka tara. Amma ma'aikacin gwamnati ba zai shigo ɗakin Hajiya ya buɗe adakarta ba, kuma ko ya buɗe ba zai iya karanta ajami ba, ba zai san cewa mai tsaye a hagu limamin farko ne na masallacin unguwa ba. Wannan sani a wurinmu kaɗai yake.

Na biyar shi ne babu kuɗi. Wannan kam ba na karɓarsa daga al'ummar da ke kashe miliyoyin sefa a biki guda, a ɗinka anko, a ɗauko mai bidiyo, a yi liƙi har gari ya waye. Kuɗin lemon walima ɗaya ya isa a sayi na'urar kwafe hoto da akwatunan ajiya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗaukar abin da muhimmanci.

Lokaci kuma ba ya jiranmu, domin garin nan maƙiyin takarda ne. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya kusa mita 3, iska kullum a jiƙe take. Hoton da zai shekara hamsin lafiya a Maraɗi ko Katsina, a nan funfuna kan cinye shi cikin 'yan shekaru, ya manne da ɗan uwansa, fuska ta narke. Ga gara, ga kyankyaso, ga tsatsar ƙusar takarda, ga ambaliyar da ke shiga gidajen da ke kwari, ga gobarar da kasuwar Mont-Bouët ta sha fama da ita, ga ƙaura daga gidan haya zuwa gidan haya inda tsohon akwati ne farkon abin da ake yarwa.

Abin yi ba shi da wuya. Kowane gida ya fito da abin da yake da shi a wannan makon, a zauna da mafi tsufa a gidan, a bi hotunan ɗaya ɗaya. A bayan kowanne a rubuta da fensir, ba da biro ba domin tawadarsa na huda takarda: sunayen mutanen daga dama zuwa hagu tare da sunayen iyayensu, garin, shekarar ko abin da ya faru a shekarar, dalilin taron, da sunan wanda ya ba da bayanin. Inda ba a tabbatar ba a rubuta cewa zato ne. Idan akwai hatimin mai hoto a baya, a ɗauki hoton bayan kamar yadda aka ɗauki gaban, domin hatimin kan nuna gari da zamani. Guntun jarida a rubuta sunan jaridar da ranar fitowarta da shafin, in ba haka ba ya zama maraya. Kada a manna salatif, kada a kai a liƙe da leda mai zafi, domin abin da aka liƙe ba ya ɓantaruwa kuma zafin na lalata shi. A ajiye a wuri mai tsayi da iska, nesa da bango mai danshi. A yi kwafe a waya da kwamfuta, a aika ɗaya wurin dangi a wani gari. A kunna na'urar ɗaukar murya yayin da tsohuwa ke bayani, a fara da faɗin sunanta da ranar.

Ga kwamitocin masallatai da sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin matasa: a ware mutum uku ko huɗu amintattu, da mace a cikinsu, su riƙe rajista guda ta abin da kowane gida ya yarda a kwafa, asalin kuma ya koma hannun masu shi a ranar. Ga malaman Islamiyya: a ba kowane ɗalibi aikin hutu ya rubuto labarin zuwan gidansu ƙasar nan daga bakin kakansa, da Hausa ko da Faransanci ko da ajami. Ga masu shafuka kuma, ciki har da masu karanta wannan: duk hoton da za ku ɗora, ku faɗi inda kuka samo shi, in ba ku san mutanen ciki ba ku ce a taimaka a gano su, ku cire tambarinku daga fuskokin bayin Allah, wanda kuka shafa wa launi da kwamfuta ku bayyana, wanda aka nuna muku ƙarya ne ku sauke shi ku sanar da jama'a. Mai karatu kuma, kafin ka rubuta amin, ka fara rubuta: wa ke cikin hoton nan?

Addu'a ga magabata wajibi ce a kanmu, kuma ta fi daɗi idan an kira mutum da sunansa da na mahaifinsa. Waɗanda suka ratso daji da ƙafa daga Adamawa har Woleu-Ntem sun bar mana unguwanni da masallatai da sunan da ake girmamawa a kasuwa. Mafi ƙarancin abin da za mu saka musu da shi shi ne kada jikokinmu su kalli fuskokinsu su rasa wanda zai ce musu ga wane. Allah Ya jiƙansu da rahama, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.